Cacar Ƙwallo a Ƙasar Daura da Lissafin da Ba a Koya wa Matasa Ba

Kalmar caca tsohuwa ce a bakin Bahaushe, kuma ba a taɓa jin ta cikin jerin kalmomin yabo ba. Idan aka ce wane ɗan caca ne, to an gama bayaninsa. Ba a ba shi ajiya, ba a ba shi bashi, kuma magabatan yarinya kan yi dogon nazari kafin su karɓi gaisuwarsa. Harshen ma ya ari kalmar ya kai ta wasu wurare, kuma duk ba na alheri ba ne. Wanda ya jefa kansa cikin haɗari an ce ya yi caca da ransa. Mutum biyu da ke musayar zafafan maganganu an ce suna cacar baki. Hatta zaman doya da manjan da aka yi tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat, Hausawa yaƙin cacar baka suka laƙaba masa.

Abin mamaki shi ne, a yau saurayi zai iya shafe shekara guda yana caca a cikin garin Daura, ko Mai'aduwa, ko Zango, ko Sandamu, ko Ɓaure, ba tare da kowa ya kira shi da wannan suna ba. Shi kansa bai yarda sunan ya dace da shi ba. In an tambaye shi sai ya ce "gem" yake bugawa, ko hasashen wasa yake yi, ko kuwa yana gwada sa'arsa ne a kan ƙungiyar da yake goyon baya. Masana harshe sun daɗe da lura cewa al'umma kan sauya wa abu suna idan tana son rage masa kaifi. Haka ake kiran mutuwa rasuwa, ake kuma kiran cin hanci na goro. Sakaya irin ta rasuwa ladabi ce. Ta goro kuwa rufa-rufa ce, kuma a sahunta "gem" ya faɗa. Matsayin wannan maƙala shi ne, cacar ƙwallo ta riga ta yi saiwa a ƙasar Daura, kuma garƙame shaguna kaɗai ba zai tumɓuke ta ba, sai an mayar mata da sunanta na asali, an kuma koya wa yara lissafin da aka gina ta a kansa.

Daga Tabarma Zuwa Wayar Hannu

Cacar da iyaye da kakanni suka sani, ta wuri ce da ta karta. Ana yin ta a kangaye, ko bayan gari, ko wani lungu a bakin tasha ranar kasuwa. Tana buƙatar abokan yi, da tabarma, da mai gadin hanya. Kunya ce babbar katangarta, domin duk wanda aka gani yana fitowa daga irin wannan wuri, kafin ya isa gida labarinsa ya riga shi. Daga baya aka sami cacar ful, wadda ta samo asali daga Ingila, inda kamfanin Littlewoods ya fara ta a 1923. A nan ne mutum ke cika takarda yana cankar wasannin da za a tashi canjaras. Ta fi karɓuwa a kudancin Nijeriya da unguwannin baƙi na manyan birane, ba ta yi wani tasiri a kan talakan ƙauye ba.

Abubuwa uku ne suka haɗu suka rushe waccan katanga. Na farko shi ne tauraron ɗan'adam, wanda ya kawo gasar Firimiyar Ingila har cikin unguwa. Zuwan Nwankwo Kanu Arsenal a 1999, da na Mikel Obi Chelsea a 2006, da na Ahmed Musa Leicester a 2016, sun sa matasan Arewa sun ɗauki ƙungiyoyin Turai tamkar na garinsu, gidajen kallon ƙwallo kuma suka bazu har ƙauyuka. Na biyu shi ne wayar salula, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, ta riƙa har ta zama ƙaramar kwamfuta a aljihu. Na uku shi ne sauƙin tura kuɗi ta waya da kuma masu POS da suka cika kowace kwana. A kan wannan shimfiɗa kamfanonin caca suka zauna: NairaBet a 2009, Bet9ja a 2013, sannan irin su SportyBet da 1xBet. Yanzu ɗan caca ba ya buƙatar kango ko mai gadin hanya. Yana iya yi a ɗakin mahaifiyarsa, tana tsammanin karatu yake yi.

Inda Ribar Kamfani Take

Mafi yawan masu wannan harka sun ɗauka cewa gasa suke yi da kamfani, wani lokaci su ci, wani lokaci ya ci. Wannan fahimta ita ce tushen asarar. Kamfani ba ɗan caca ba ne, domin ya cire nasa kason tun kafin alƙalin wasa ya hura usur. Ga yadda abin yake.

Kowane sakamako da ake iya zaɓa yana da lambar ninki a gabansa, wadda matasa ke kira "od". Idan lambar ta nuna 2.00, wanda ya zuba naira 1,000 ya kuma dace, za a ba shi naira 2,000, wato kuɗinsa da ribar 1,000. To, a ɗauka an jefa kwabo sama, ko ya faɗi ta fuskarsa ko ta bayansa. Tunda damar ɓangarorin biyu daidai take, ninkin adalci shi ne 2.00 ga kowane ɓangare. Amma kamfani ba zai rubuta haka ba. Sai ya rubuta, alal misali, 1.90. A ce mutum 100 sun zuba naira 1,000 kowannensu, 50 sun zaɓi fuska, 50 sun zaɓi baya. Kuɗin da ya shiga akwatin kamfani naira 100,000 ne. Duk yadda kwabon ya faɗi, mutum 50 za a biya naira 1,900 kowanne, jimla 95,000 ke nan. Ragowar 5,000 ta kamfani ce, kuma bai damu da ko fuska ce ta fito ko baya ba.

A wasan ƙwallon ƙafa sakamako uku ake da su: nasarar mai masauki, ko nasarar baƙo, ko canjaras. Akwai hanya mai sauƙi da duk ɗalibin sakandare zai iya bi ya gano kason kamfani. Sai ya raba 100 da kowace lambar ninki, sannan ya haɗa amsoshin. A ce lambobin wani wasa su ne 2.10 da 3.30 da 3.40. Amsoshin za su kasance 47.6 da 30.3 da 29.4, jimlarsu kuma 107.3. Da ciniki ne na adalci, jimlar 100 za ta zama cif. Wannan rarar da ta haura 100 ita ce la'adar da aka ɓoye a cikin farashin. Duk wasan da aka gwada a kowace manhaja, jimlar sai ta haura 100. Mai shakka ya ɗauki alƙalami ya gwada.

Wani zai ce ai dillalin shanu a kasuwar Mai'aduwa ma yana karɓar la'ada. Gaskiya ne, amma bayan dillali ya karɓi nasa, mai saye ya tafi da sa, mai sayarwa ya tafi da kuɗi, kowa ya riƙe wani abu. A nan kuwa ba a sayi komai ba, ba a sayar da komai ba. Kuɗin mutane aka tara, aka zaftare wani kaso, aka raba wa wasu daga cikinsu ragowar.

Dabarar da Aka Aro Daga Amurka

Da yawa daga cikin salon cacar da ake gani a wayoyin matasa a Amurka aka ƙera su, a kan wasan da su Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa, alhali da hannu aka fi yin sa. Wasa ne mai kama da zari-ruga, mutum 11 a kowane ɓangare, sanye da hular kwano da kayan kariya. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci gaba da yadi 10, in ta kasa ta miƙa wa abokiyar karawarta. Kai ƙwallo ƙarshen fili maki 6 ne, harba ta tsakanin sanduna kuma maki 3. Babbar gasarsu ita ce NFL mai ƙungiyoyi 32, wadda ake rufewa da wasan Super Bowl a watan Fabrairu. 'Yan Nijeriya ma sun yi suna a cikinta, kamar Christian Okoye na Inugu, wanda ya buga wa Kansas City daga 1987 zuwa 1992.

Matsalar masu gidajen caca a irin wannan wasa ita ce, sau da yawa kowa ya san ƙungiyar da ta fi ƙarfi, don haka kowa ita zai bi. Maganin da aka samo shi ne ba da rata. Ana danganta wannan dabara ga wani mutum mai suna Charles McNeil, tsohon malamin lissafi da ya koma harkar caca a birnin Chicago a shekarun 1940. Maimakon a tambayi wa zai yi nasara, sai a ƙara wa mai rauni wasu maki tun kafin a fara. A ce an ba mai rauni ratar maki 6 da rabi. Idan mai ƙarfi ta ci 27 da 20, ta tsallake ratar, masu bin ta sun dace. Idan kuwa 24 da 20 ta ci, to ta yi nasara a fili, amma duk wanda ya zuba kuɗi a kanta ya yi asara. Rabin makin nan an sa shi ne don kada a yi kunnen doki a mayar wa mutane kuɗinsu. Daga wannan tsatso ne aka sami cacar "sama ko ƙasa", inda ake cankar ko jimlar makin da za a ci za ta haura wani adadi ko ba za ta kai ba. Ita ce ta rikiɗa a ƙwallon ƙafa ta zama ko za a ci fiye da ƙwallo biyu da rabi, maganar da duk mai hankali zai yi wa dariya in ya fara jin ta, tunda ba a taɓa cin rabin ƙwallo ba.

Manufar rata ita ce a mayar da kowane wasa kamar jefa kwabo, a raba jama'a gida biyu. Farashin da aka saba da shi a can shi ne mutum ya zuba dala 110 don ya ci 100. Mutum biyu sun zuba 220, wanda ya dace ya karɓi 210, gida ya riƙe 10. Da wannan farashi, wanda ke dacewa a rabin wasanninsa asara yake yi. Sai ya dace a fiye da kashi 52 cikin 100 kafin ma ya mayar da uwar kuɗinsa. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar 1992 da ta taƙaita cacar wasanni, a watan Mayun 2018, fiye da jihohi 30 suka halatta ta, tallanta kuma ya mamaye talabijin. Gasar NFL kanta ta dakatar da ɗan wasa Calvin Ridley tsawon kakar 2022 saboda ya yi caca a kan wasannin gasar. Wannan wasa yana nan cikin jerin abubuwan da manhajojin caca ke tallatawa a Nijeriya, wasu wasanninsa kuma sai bayan ƙarfe ɗaya na dare agogon Nijeriya ake fara su. Ke nan babu abin da zai hana yaro a Sandamu, wanda bai taɓa ganin ƙwallon nan mai siffar gwanda ba, ya zuba kuɗinsa a kan ƙungiyar da ko sunanta bai iya faɗa ba, don kawai an tashi daga wasannin Turai, shi kuwa yana neman mayar da abin da ya rasa da yamma.

Dogon Tikiti

Inda aka fi yi wa talaka illa shi ne wajen haɗa wasanni da yawa a tikiti guda. Mai naira 200 ba ya sha'awar ribar naira 180. Abin da ke jan sa shi ne a ce masa 200 ɗin nan za ta iya zama dubu ɗari biyar. Don haka sai ya jera wasa 10 ko 15 ko 20, ana ninka lambobinsu da juna, da sharaɗin in ɗaya ya kuskure, duka sun rushe.

A ɗauki mutumin da ya san ƙwallo ƙwarai, wanda a kowane wasa da ya zaɓa damar dacewarsa kashi 70 ce cikin 100. In ya haɗa wasa 10, sai a ninka 0.7 da kanta sau 10, amsar kuwa ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba. In wasannin irin na jefa kwabo ne, damar dacewa a duka 10 ita ce 1 cikin 1,024, a duka 20 kuma 1 cikin 1,048,576. Daɗin daɗawa, la'adar kamfani ma ninkuwa take yi. In a wasa guda kobo 95 ke dawowa ga jama'a daga kowace naira, a tikitin wasa 10 abin da ke dawowa bai wuce kobo 60 ba, a na wasa 20 kuma kobo 36. Shi ya sa kamfanoni ke yi wa mai dogon tikiti alkawarin gyara a kan abin da zai ci. Gyaran da ɗan kasuwa ke yi wa mai saye, ai daga cikin ribar da ya riga ya ci yake fitowa.

Akwai wata magana da ba ta fita daga bakin 'yan caca, wato "wasa ɗaya ne ya yanke mini tikiti". Mai faɗin haka yana jin ya kusa, gobe sai nasara. Amma lissafi ya nuna cewa wannan kusantar ba alamar komai ba ce. Mutumin can mai kashi 70, damar ya dace a wasa 9 ya faɗi a ɗaya ta kai kashi 12 cikin 100, wato ta ninka damar cin tikitin fiye da sau huɗu. Ashe tsarin ne da kansa yake samar da "saura ƙiris" a kai a kai, ita ce kuma igiyar da ke dawo da mutum washegari. Haka kuma labarin wanda ya ci shi ke zagaya gari, a ɗauki hotonsa, a yaɗa a Facebook da WhatsApp. Dubban da suka yayyaga tikitinsu a wannan dare ba mai jin ɗuriyarsu. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Masu cewa su sanin ƙwallo suke amfani da shi, ya kamata su tuna cewa kamfani ya fi su sani. Yana da ma'aikata da kwamfutoci da ke tattara bayanin kowane ɗan wasa, kuma duk abin da mai kallo a Zango ya sani game da raunin ɗan wasan gaba na Arsenal, an riga an zuba shi cikin farashin. Ita ƙwallo kuma ba ta da alkawari. Leicester ta ɗauki kofin Firimiya a 2016 bayan gidajen cacar Ingila sun sa mata ninki 5,000 don ganin ba za ta iya ba. Ranar 22 ga Nuwamban 2022 Saudiyya ta doke Ajantina da ci 2 da 1 a Ƙatar, Ajantinar da ta zo ta ɗauki kofin duniyar. Su kuwa masu sayar da "tabbataccen sakamako" a Telegram, da bokayen da ke ba da lamba, tambaya ɗaya ta ishe su: wanda ya san inda aka binne tukunyar zinariya, me zai sa ya sayar da kwatancen wurin a kan naira 2,000? Mafi muni shi ne wasannin da kwamfuta ke ƙirƙira, inda ake tashi wasa cikin 'yan mintoci a sake wani, dare da rana. A nan ko ƙwallon ma babu, balle a yi maganar saninta.

Wanda Ke Biya

Naira 200 a kullum ba ta yi kama da kuɗi ba, amma a shekara ta zama naira 73,000, wato ta haura mafi ƙarancin albashin wata na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Mai zuba 500 kuwa, 182,500 ke bi ta hannunsa. Sai a tambaya, daga ina kuɗin ke fitowa? Daga cinikin yaron shago, da balas ɗin ɗan acaɓa, da jarin mai POS, da kuɗin takin da uba ya aiki ɗansa ya sayo, da kuɗin rajistar ɗalibi. Daura ta zama garin ɗalibai, ga Kwalejin Yusuf Bala Usman, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Sufuri. Yaron da ya bar gaban iyayensa karo na farko, aka turo masa kuɗin zango guda cikin wayar da manhajar caca ke ciki, an haɗa kura da akuya a ɗaki ɗaya. In kuɗin suka salwanta, manhajojin ba da bashi suna nan suna jira, daga nan kuma sai ƙarya, sai ɗauke-ɗauke.

Akwai kuma asarar da ta shafi ƙasar baki ɗaya. Cacar tabarma, duk muninta, kuɗin a gari suke zagayawa, wanda ya ci zai sayi tsire da shayi a nan. Ta waya kuwa, kason kamfani Legas yake tafiya ko ƙasashen waje, ba ya dawowa.

Adalci ne a faɗi cewa ba kwaɗayi kaɗai ke jefa matasa cikin wannan hali ba. Saurayin da ya gama karatu ya rasa aiki, ga tsadar rayuwar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023, yana ganin ko ya tara naira 200 a kullum ba za ta yi masa aure ba, balle gida. Tikitin nan shi ne kaɗai wurin da ake ce masa gobe za ta iya bambanta da yau. Duk wanda zai yi masa wa'azi bai fahimci wannan ba, zai yi ta magana ne da bango. Sai dai fahimtar dalilin shan gishiri ga mai ƙishirwa ba ta mayar da gishirin ruwa. Haka nan hujjar cewa shagunan caca na samar da aikin yi ba ta da ƙarfi, domin albashin yaro ɗaya da ke buga tikiti daga aljihun ɗaruruwan tsaransa ake tatso shi.

Addini da Doka

Hukuncin addini a fili yake, kuma ba wanda ke jayayya a kansa a ƙasar Daura. Alƙur'ani ya ambaci caca da sunan maisir, ya haɗa ta da giya a aya ta 219 ta Suratul Baƙara, sannan ya yanke haramcinta a ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida, inda aka nuna tana haddasa gaba tana kuma shagaltarwa daga salla. Malaman fiƙihu sun bambanta ta da kyautar gasa, kamar wadda basarake ko attajiri zai sa wa gwanin sukuwa ko harbi, domin a can ba kuɗin 'yan kallo aka tara wani ya kwashe ba. Abin da ya rage shi ne, yaron da ya san caca haramun ce bai yarda abin da ke cikin wayarsa caca ba ne. An sake komawa ga batun suna.

Ta fuskar doka, an daɗe ana tufka da warwara. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta hana buɗe gidan caca, Jihar Katsina kuma ta ƙaddamar da Shari'a a 2000. Amma a 2005 aka yi dokar tarayya da ta kafa hukumar ba kamfanoni lasisi, sai masu shaguna suka sami takardar fakewa. A watan Oktoban 2024 Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan caca da dama. Ranar 22 ga Nuwamban wannan shekara Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, cewa Majalisar Tarayya ba ta da ikon yi wa jihohi doka a kan caca, dokar 2005 a Abuja kawai take aiki. Ma'anar wannan ita ce, wuƙa da nama suna hannun Majalisar Dokokin Jihar Katsina, ga kuma Hukumar Hisba da jihar ta kafa a 2023. Babu sauran uzurin cewa daga sama aka ɗaure hannun kowa.

Rufe shago yana da amfani, domin shago ne makarantar farko ta yaron da bai mallaki babbar waya ba, kuma a nan masarauta ke da rawar takawa. Hakimi da dagaci da mai unguwa sun san mai kowane shago da wanda aka ba haya, tun kafin wani jami'i ya sani. Amma kada a ruɗi kai. Kwaɗon da aka sa wa ƙofar shago ba ya rufe waya, kuma Daura gari ne na kan iyaka, a tsallaken Kwangwalam gwamnatin Nijar ma tana da nata kamfanin tambola, wato LONANI. Kuskure ne kuma a huce a kan gidajen kallon ƙwallo. Kallon wasa nishaɗi ne, ya kuma raba matasa da yawa da zaman banza. Abin da ya dace shi ne a sa wa masu gidajen sharaɗin kada a liƙa tallan caca, kada kuma a buga tikiti a harabarsu. Ko a Ingila, a watan Afrilun 2023 ƙungiyoyin Firimiya sun amince su cire sunayen kamfanonin caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025/2026. Shi kuma wanda abin ya riga ya kama, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka. Iyayen da ke biya masa bashi a ɓoye don gudun abin kunya suna ƙara masa jari ne. Likitan ƙwaƙwalwa ya fi dacewa da shi a kan bulala.

Babban aikin yana wuyan malaman makaranta, musamman waɗanda ke shirin fita daga kwalejojin ilimi. Darasin yiwuwar aukuwar abu yana cikin manhajar lissafi ta sakandare, ana kuma tambaya a kansa a jarrabawar WAEC da NECO, amma sau da yawa da ƙwallaye ja da baƙi a cikin jaka ake koyar da shi, yaro ya haddace ya manta. Malamin Hausa ma yana da nasa fagen. Zai iya kawo kalmomin tallan caca aji a feɗe su, a ga yadda ake cewa "ci" ba a ambaton "cinyewa", a kuma shirya muhawara ko insha'i a kan bambancin sa'a da rabo da guminka. Malamin lissafi kuwa tsakuwa ta ishe shi. A aji mai ɗalibai 40, ya ba kowa tsakuwa 200, shi ya zama kamfani. A kowane zagaye kowane ɗalibi ya ajiye 10, rabin aji su zaɓi fuskar kwabo, rabi su zaɓi bayansa, wanda ya dace a ba shi 19. Tsakuwa 400 ke shiga, 380 ke fita. Bayan zagaye 20, wasu ɗalibai za su ga tulinsu ya ƙaru, wasu ya ragu, a gaban malam kuwa akwai tsakuwa 400, ko da wane gefe kwabon ya riƙa faɗuwa. Darasin ba zai ci fiye da minti 40 ba, kuma ana iya yin sa a ƙarƙashin bishiya a makarantar da ko allo ba ta da shi.